Ƙafar da Ba Ta Ciwo

Wannan babin naki ne, Mariyama, ko da yake sauran 'yan'uwanki ma su karanta, don su ma da ƙaryar nan suka tashi. Tun ranar da kika dawo hannuna kina 'yar shekara biyar, duk sanda kika tambayi abin da ya kashe mahaifinki Isuhu, amsa ɗaya nake ba ki: mun kai shi Kotonu, likitoci suka duba suka ce babu abin da za su iya, muka dawo, Allah Ya karɓi abinSa. Haka na faɗa a masallaci, haka na faɗa a kasuwa, haka na faɗa wa Inna, kakarki, har ta koma ga Allah tana jin haushin mutanen da ba su yi mata laifin komai ba. To, ba haka aka yi ba. Likita bai ce ba zai iya ba. Ni ne na ce ba za a yi ba. Yanzu da gwiwoyina suka daina kai ni masallaci, ba na son in je in tarar da ƙanena da wannan magana a bakina.

Kin san gidanmu gidan wanzamai ne. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kabi da zabirarsa a kafaɗa, ya sauka bakin gulbi tun Malanbil ba ta wuce 'yan bukkoki da jiragen masunta ba. Ni ne ɗan fari, ni na gaji aska. Isuhu kuwa jini jiri yake sa shi. Ranar da Baba ya fara tafiya da shi wurin kaciya, yaron da aka yi wa bai faɗi ba, Isuhu ne ya zube a ƙasa. Daga nan Baba ya sallame shi. Da ya girma ya auri mahaifiyarki Zali a Garu, surukinsa ya ba shi fili a bakin ruwa, ya zama manomin albasa. Duk ranar kasuwa zai ɗauro buhu biyu a kekensa ya tako har Malanbil, in ya sayar ya zo rumfata in yi masa aski, ina tsokanarsa da cewa warin albasarsa na korar mini mutane, shi kuma yana dariya ba ya ramawa. Bayan rasuwar Baba ni ne ubansa, kuma ban taɓa cewa eh ya ce a'a ba.

Abu biyu Baba ya dinga nanata mini a kan sana'a. Na farko, kafin in yi wa kumburi sakiya in ɗora tafin hannu in saurara, in na ji yana bugawa to in mayar da aska cikin kube, domin wannan ba mugunya ba ce, jini ne. Na biyu, kada in sa aska inda babu ciwo don kwaɗayin abin mutane. Na farkon ya ceci Isuhu daga hannuna. Na biyun kuwa da shi na fake na halaka shi.

A zamanin soja ne, 'yan shekaru bayan an sauya wa ƙasa suna, lokacin da ko ɗan duwan, wato kwastan, sai ya kira ka kamarad kafin ya zazzage maka kaya. Wata ranar kasuwa ina goge wa Isuhu kai, sai ya ce:

"Yaya, in ka ƙare ka duba min bayan gwiwa ta hagu. Wani abu ya hito. In na tako keke daga Garu, kahin rabin hanya sharaɓata ta ɗaure kamar an ja ta da igiya."

Na sa shi ya kwanta rub da ciki a tabarma, na ɗora hannu. Kumburi ne kamar ƙwan zabuwa, ba zafi, ba ja, amma yana bugawa a ƙarƙashin tafina daidai da bugun zuciyarsa. Ban yi sakiya ba, alhamdu lillahi. Amma kuma ban iya cewa ban sani ba, don wannan kalmar ba ta saba da bakina ba. Na ce mataccen jini ne ya taru, na yi masa ƙaho kewaye da wurin, kasuwa uku a jere, ina tsaga ina zuƙa. Abin bai ragu ba. Kafin a gama cirar albasa ya kai ƙaramin mangwaro, keken ma sai turawa. Anfirmen garinmu, wato malamin asibiti, ya taɓa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya tura mu Faraku. Likitan Faraku ya ɗora abin sauraronsa a kai, ya saurara, sannan ya rubuta takarda ya ce sai Kotonu, a can akwai mutum ɗaya da aikinsa ke nan, ɗinkin hanyoyin jini.

Ranar da za mu tashi Inna ta rako mu har bakin zaure. Ba ta faɗin sunana, don ni ne na fari.

"Kai wanga," ta ce, "kai ne babba, kuma kai ka san wuƙa. Abin da ka gani shi na gani. Ga amanar ɗan'uwanka nan."

Muka hau kamyo, babbar motar ɗaukar albasa, zuwa Faraku, ana sauke mu a kowane shingen jandarma ana duba takarda, daga can muka shiga jirgin ƙasa. Kafin ciwon nan Isuhu bai taɓa wuce Kandi ba. Duk hanya kansa na taga, yana nuna mini itatuwan da bai san sunansu ba, kamar ba shi ne marar lafiya ba.

Likitan da aka tura mu wurinsa ɗan kudu ne, gajere, mai tabarau, a ƙasar waje ya yi karatu, kuma na girme shi da shekara goma ko fiye. Ya shigo da ɗalibai biyar a bayansa, da wata anfirma 'yar Kandi mai jin Dandanci, ita ce ke yi mana tafinta. Ya juya Isuhu, ya taɓa kumburin, sai idonsa ya kai kan tabon ƙahona. Ya tambayi wanda ya yi wannan. Na gyara tsayuwa na ce ni ne, wanzami ɗan wanzami. Sai ya ɗora yatsansa ɗaya tsakanin tabon da bakin kumburin, ya juya ga ɗaliban ya yi musu dogon bayani da Faransanci. Biyu daga cikinsu suka yi dariya, ɗaya ya kalle ni daga rawani har takalmi. Anfirmar ta sassauta maganar iyakar iyawarta.

"Ya ce da askarka ta goce da faɗin yatsa guda, da kahin a ɗebo ruwa ɗan'uwanka ya ƙare. Ya ce don Allah kada ka ƙara taɓa ƙafar nan."

Gaskiya ya faɗa. Amma ni a garinmu hakimi ke cire hula ya sunkuyar mini da kai, sai ga yaro ya mai da ni abin koya wa yara darasi, a gaban ƙanena, ta bakin mace. Wallahi tun daga wannan lokaci ban ƙara jin maganarsa da kunnen kirki ba. Jira kawai nake ya yi kuskure.

Bayan kwana uku na gwaje-gwaje ya dawo shi kaɗai da anfirmar, ya zauna a bakin gado, ya yi mana bayani a hankali. Ya ce babbar hanyar jinin da ke ciyar da ƙafa ita ce ta bi ta bayan gwiwa, bangonta ya yi laushi ya kumbura kamar yadda robar cikin tayar keke ke yi. In an bar ta, ko dai ta fashe, ko jini ya daskare a ciki ya toshe, ƙafar ta mutu. Aikin shi ne a ɗaure wurin sama da ƙasa, a yi wa jini sabuwar hanya ta gefe, kuma ba da roba ba, da wata jijiyar jini ta jikin Isuhu kansa. Ta ƙafar hagu ya duba ya ga ba ta da kyau, saboda haka ta ƙafar dama zai ciro. Ya ce akwai wasu a ciki da za su ɗauki aikinta, ƙafar ba za ta yi asarar komai ba sai tabo. Ya sa Isuhu ya miƙe tsaye, ya naɗe masa wando, ya bi jijiyar da yatsa, sannan ya zana hanyarta da shuɗiyar tawada, daga ƙasan gwiwar dama ta ciki har tsakiyar cinya, don gobe da safe ya san inda zai bi. Isuhu yana ta noƙewa saboda cakulkuli.

"Yaya, dubi," ya ce, "an yi min zane kamar ƙwaryar amarya."

Aka kawo takardar da za a dangwala yatsa. Isuhu ya tura ta gabana.

"Yaya shi ne uba. Shi za ya sa hannu."

Ga kuskuren da nake jira ya zo, a ganina. Za a yanka ƙafar da ba ta ciwo. A gadon da ke kusa da namu akwai wani direban kamyo Bazabarme da aka yi wa irin aikin kwana biyar kafin nan, ƙafafunsa biyu a naɗe da farin ƙyalle, yana nishi in zai juya. Ya ce mini da bakinsa in bari a yi, zafin na 'yan kwanaki ne. Ban saurare shi ba, ƙyallen kawai na gani. Bari in faɗa miki tun yanzu, don kada in manta: shekara shida bayan haka na ga mutumin nan a tashar Malanbil, ya taka taya ya haye bayan kamyonsa da ƙafafunsa biyu, yana ɗaure tamfol. Ya gane ni, ya ɗaga mini hannu yana tambayar ɗan'uwana. Na yi kamar ban ji ba, na shige cikin kasuwa.

Na ce a ba mu zuwa la'asar mu yi shawara. Na fitar da Isuhu baranda.

"Ka zo da ƙafa guda mai ciwo," na ce, "za ka koma da biyu. In ta hagu ta ƙi, da wace za ka tsaya? Ka manta abin da Baba ya ce, ba a sa aska inda babu ciwo?"

"Ban manta ba, Yaya. Amma ya ce in ba a yi ba..."

"Kai da ke faɗuwa in ka ga jini, yau ka hi ni sanin wuƙa?"

Ya dubi ƙasa.

"A'a, Yaya."

"To ɗauki takalminka."

Ki lura da wannan, Mariyama. Ni da nake faɗin ba a sa aska inda babu ciwo, jarirai nawa na tsaga wa fuska ranar suna, fuskar da ba abin da ya same ta? Yara nawa na yi wa kaciya suna cikin ƙoshin lafiya? Duk don alherin da ake hange gaba ne, kuma na san haka sarai. Baba kan kwaɗayi ya gargaɗe ni, ni kuma na ɗauko maganarsa na rufe haushina da ita. Dariyar yaran nan biyu ce ta hana ni dangwala yatsa, ba komai ba.

Isuhu ya yi gaba da jaka yana ɗingishi. Anfirmar ta biyo ni har bakin ƙofar asibiti, ta yi mini magana da Dandanci, murya ƙasa ƙasa.

"Baba, na san ya ɓata maka rai. Koma ka zage shi, ni zan fassara. Amma ka bar mishi ƙafar nan ya yi aikinshi."

Na ce mata mun gode.

"To ya ce in gaya maka, duk ranar da kunka dawo za ya karɓe ku. Kuma ka riƙe wannan, in ka ji bugun ya..."

"Yarinya," na ce, "na ji abin da ya ishe ni a gidan nan." Na juya na bar ta tsaye da sauran maganar a bakinta.

Da muka iso gida Inna ta tare mu, ta dubi ƙafar, ta dube ni. A nan na fara ƙaryar. Na ce sun duba sun ce ba su da abin yi, amma in Allah Ya so ni zan yi. Isuhu yana zaune a gefe yana shan ruwa. Ya sauke kwanon, ya dube ni sau ɗaya, kuma har ya mutu bai ƙaryata ni a gaban kowa ba.

Wata huɗu ina zuwa Garu duk mako. Aska dai ban ƙara kai wa wurin ba, wannan kam na ji. Sai saiwoyi, da ganyen da ake dakawa a ɗaura, da rubutun sha daga malamai uku. Kullum zan sa shi ya kwanta, in naɗe ƙafar wandonsa ta hagu, in yi abin da zan yi, in sauke. Ta dama ban taɓa ɗagawa ba, me zan nema a wurin da ba ya ciwo? Damina ta sauka, mutane suka shiga shinkafa, shi yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyara keken da ba ya iya hawa, ke kina wasa da ƙararrawar.

Ran nan, ranar Talata ce, na ɗora tafina a kan kumburin na ji shiru. Na sake ɗorawa, na daɗe. Babu bugu, ya yi tauri kamar dutse. Na miƙe ina kabbara, na ce ciwo ya mutu. Inna ta sa aka toya waina aka raba sadaka. Ni kuwa washegari a rumfata babu wanda na yi wa aski ban gaya masa cewa abin da ya gagari Kotonu ya faɗi a hannun wanzami ba. Isuhu ya ce mini tun a ranar farko:

"Yaya, ƙafar ta yi sanyi, kuma kamar ba tawa ba."

Na ce magani ne ke aiki, a gasa masa da tsumma mai ɗumi. Abin da anfirmar Kotonu take son gaya mini ke nan na katse ta. Tsayawar bugu ba warkewa ba ce. Jinin ne ya daskare ya rufe hanya, kamar yadda likitan ya faɗa tun farko, kuma daga wannan sa'a ƙafar ba ta ƙara samun abin da za ta rayu da shi ba.

Kwana na biyu zafi ya zo, irin wanda ke sa namiji ya ciji hannun rigarsa. Kwana na huɗu yatsun suka yi duhu. Na gani, na gane, kuma duk da haka na ƙara kwana biyu ina canza ganye, domin kai shi wurin anfirme yana nufin in tsaya a gaban garin da na cika da alfahari in ce na yi kuskure. Zali ce ta zo ta durƙusa a gabana, matar da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, ta ce:

"Yaya, don girman Allah."

Ruwa ya cinye hanya, a jirgin ruwa muka kawo shi Malanbil, jikinsa zafi rau. Anfirme ya buɗe ƙafar ya ga baƙi ya wuce idon sawu. Ya tambaye ni yaushe bugun ya tsaya, na ce kwana shida. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya yi masa allura ya ce a nemi mota zuwa Faraku yanzu, ko an cire ƙafar a ceci ran. Muka kwantar da shi a zaurena, aka tafi neman kamyo. Da hantsi, direba na can yana ƙarasa lodi, Isuhu ya buɗe ido ya nemi hannuna.

"Yaya, Mariyama," ya ce. Ya huta, sannan ya ƙara da cewa, "Kada ka sa wa ranka damuwa. Ka yi iyakar ƙoƙarinka."

Kafin motar ta iso ƙofar gida ya cika.

Ni da liman muka yi masa wanka. Da na zame mayafin daga ƙafarsa ta dama, sai ga zanen nan, daga ƙasan gwiwa har tsakiyar cinya, shuɗi shar, kamar jiya aka yi shi. Wata huɗu da rabi. Babu tawadar da ke kai haka a jikin mutum mai wanka. Na tsaya ina kallonsa har liman ya tambaye ni lafiya, na ce babu komai. Na zuba ruwa sau uku, na cuɗa, launin ya dushe amma bai fita ba, don ya riga ya kama fata. Da shi muka sa shi a likkafani.

Bayan addu'ar uku na sami Zali a ɗakin takaba, na tsaya daga bakin ƙofa, na tambaye ta zanen da na gani.

"Duk Juma'a in ya yi wanka," ta ce, "sai ya ce in jiƙa mishi bular wanki, ya ɗauki tsinke ya bi kan zanen. Ya ce wata rana za ka huce ku koma, kada likita ya sha wahalar nema. Ya ce kada in hwaɗa maka, kada ka ga kamar ya raina maganarka."

Na fita na bi bakin gulbi har inda gonarsa take, na zauna, na yi kukan da ban yi a makabarta ba. Zali ba ta ƙara tayar da maganar ba. Da ta yi aure a Madekali ta kawo ki da hannunta ta ba ni, kamar yadda ya yi wasiyya, ta kuma rufa mini asiri har ta mutu. Ban ajiye aska ba, don da ita na ciyar da ke na aurar da ke. Amma daga wannan shekara, duk wanda ya zo mini da abin da ban sani ba, nakan ce ban sani ba, in raka shi har ƙofar asibiti.

Ban rubuta wannan don in tilasta miki yafiya ba. In kin yafe, Allah Ya saka miki, in kin kasa, ban ga laifinki ba. Abu ɗaya nake roƙo. In 'ya'yanki suka tambaye ki kakansu, kada ki ce musu likitoci suka ƙi shi, kada kuma ki ce tsoron wuƙa ya yi. Mutumin da jini ke sa wa jiri ya shirya tsaf, ya riƙe zanensa Juma'a bayan Juma'a yana jiran yayansa ya ce tashi mu koma. Duk mako ina zaune a gabansa, tsakanina da zanen nan ƙyallen wando ne kawai, kuma ban ce ba.